Ƙofar da Ke Kawo Lahadi

Har yau idan Lahadi ta waye, wani sashe na raina yakan tashi ya koma wata baranda a hawa na biyu a unguwar Mohandessin ta birnin Alƙahira, ya tsaya yana leƙen tsallaken titi. Na dawo gida tuntuni, Larabcina ma ya fara zubewa, amma safiyar Lahadi takan zo mini da ƙamshin shayi mai na'ana'a, da tattabaru suna kewaya saman benaye, da hasken nan na Alƙahira mai ruwan ƙasa-ƙasa wanda ba ka sanin ko rana ce ko ƙura. A cikin hasken akwai wata tsohuwa zaune, hannunta a kan ƙarfen baranda. Ba na ganin fuskarta sosai yanzu. Hannun nake gani, da ɗan gicciyen da aka tsaga mata a wuyan hannu tun tana jaririya, wanda tsufa ya sa ya baje ya koma kamar ɗigon shuni.

Karatun maigidana ne ya kai mu Masar. Shi yana jami'a yana fama da littattafan fiƙihu, ni ina ɗaki a unguwar Faisal ina fama da bango huɗu da ihun 'yan mikrobas, ƙananan bas ɗin haya. Ni kuwa ba a halicce ni don zaman shiru ba. Da wata maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan, ta ce ana neman mai kula da wata tsohuwa Kirista, tun kafin ta rufe baki na ce ina so. Malam, maigidan nawa, ya yi 'yan tambayoyinsa, ya buɗe littafi ya rufe, ya ce babu laifi, hidimar tsoho lada ce ko wane ne shi.

Tsohuwar Bakibɗiya ce, wato daga Kiristocin Masar na asali. Kowa Teta yake ce mata, kamar yadda mu za mu ce Kaka, ni ma na bi sahu. Ita kuwa ba ta taɓa riƙe sunana ba, sai dai "ya binti", 'yata. Gigin tsufa ya fara taɓa ta, idonta kuma ya yi rauni, tana ganin manyan abubuwa amma ba ta rabe fuskoki daga nesa. Takan tuna launin takalmin da ta sa ranar aurenta, sannan ta manta ta ci abincin rana. Ɗanta guda ne a ƙasar, injiniya, yana zaune can bayan gari da iyalinsa.

Ran Talata na fara aiki. Da Lahadi ta zo, na yi zamana a gida na jiƙa wanki. A inda na tashi, ko mu Musulmi mun san ran Lahadi ofis a rufe yake, makaranta a rufe, balle a ce gidan Kirista. Na ɗauka wannan ba abin tambaya ba ne. Hannuna na cikin kumfa wayata ta yi ƙara, sai ga muryar injiniya.

"Ina kike?"

"Ina gida, ya bashmuhandis," na ce, don haka ake girmama injiniya a can. "Ai yau Lahadi."

"To, sai me? Lahadi ranar aiki ce a nan. Ni ina ofis, yara suna makaranta. Mama tana zaune tun safe tana jiran mai kai ta coci. Yalla, yi sauri don Allah."

Na bar wankin a baho na fita a guje. Kafin in fito daga cunkoson Faisal rana ta yi tsaka. Na same ta a falo cikin rigarta mai ruwan bula, da farin gyale mai huji-huji a kanta, jaka a cinya. An daɗe da tashi daga ibada. Na durƙusa ina ba ta haƙuri da guntun Larabcina, kunya kamar in nutse. Ta dafa kaina ta ce, "Ma'alish, ba komai, ya binti. Wata Lahadin tana zuwa."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda matar da ba ta san ko ta ci abinci ba ta san yau Lahadi ce. Ba ta duba kalanda, ba ta riƙe waya. Sai da na yi mako biyu na gano.

A tsallaken titi, daidai barandarta, akwai wani ɗan shago na littattafan rubutu da fensir da alli. Na mijinta ne, ya rasu tun kafin in zo ƙasar. Wani dattijo Musulmi ɗan kudancin Masar, wanda ya yi aiki tare da mijin tun suna samari, shi ya ci gaba da riƙe shagon. Ammu nake ce masa, wato Baffa. Kullum da sassafe, kafin 'yan makaranta su fara wucewa, yakan ɗaga ƙofar ƙarfen nan mai naɗewa sama, ta yi ƙara duk titi ya ji. Teta tana jin ƙarar za ta ce in haɗa shayi. Mu sa kofin a kwando, ta zura shi ƙasa da igiya kamar yadda matan Alƙahira ke yi in za su sayi burodi, ta koma ta zauna riƙe da bakin igiyar. Ammu ya tsallako ya ɗauki shayin, ya ja igiyar sau biyu. Haka mijinta yake yi. Tana jin jan nan sau biyu sai fuskarta ta saki, ta ce, "Ya karɓa."

Ran Lahadi kuwa ƙofar ba ta tashi. Ƙarfe ne mai ruwan toka tun daga sama har ƙasa, wanda ko idon Teta yana iya gani. Tana leƙawa ta gan shi a sauke za ta juyo ta ce, "Sa mini kayana. Ya riga mu tafiya." Mijin nata yana cikin masu taya limamin coci waƙa, don haka tun da can yakan riga ta fita. A lissafin Teta, ranakun aiki yana shago, ran Lahadi yana coci cikin maza masu fararen riguna. Kullum yana nan kusa, idonta ne kawai bai kai gare shi ba. Ban taɓa gyara mata wannan lissafi ba, don ban ga wanda yake cutarwa ba.

Na taɓa tsokanar Ammu. Na ce, "Kai da ka je Hajji, me ya haɗa ka da hutun Lahadi? Ga makarantu a buɗe, yara suna neman fensir." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ya binti, iyayen unguwar nan sun san su sayi fensirinsu ran Asabar. Ni kuwa hannuna bai san yadda ake ɗaga ƙofar nan ran Lahadi ba. Ban taɓa koya masa ba."

Tafiyar coci ita ce abin da na fi so a duk makon, ko da yake ban taɓa faɗa wa matan unguwarmu ba, don bakinsu ba ya da murfi. Mukan ɗauki tasi zuwa wani lungu mai shingen ƙarfe a bakinsa. Masu gadi suna duba wuyan hannun masu shiga. Ni babu komai a nawa sai awarwaro, amma sun saba da ni da hijabina, suna cewa, "Ta Teta ce." In raka ta har bakin ƙofa, wata tsohuwa ta karɓe ta, ni kuma in zauna a kan dakali a ƙarƙashin wata bishiya a farfajiya ina jan carbina. Daga ciki hayaƙin turaren lubban yake fitowa a hankali, da ƙarar wasu ƙananan faya-fayen ƙarfe da ake bugawa, da waƙarsu mai ja. Sukan kama sauti ɗaya su yi ta lanƙwasa shi har ka manta inda aka faro. Sau da yawa gyangyaɗi yakan ɗauke ni, in ga kamar ina tsakar gidanmu, kakata tana turara tufafi, sai tattabara ta faɗo kusa da ƙafata in farka.

Ba a cika ba. Tsofaffi ne, da 'yan mata masu goyo ɗaya-ɗaya. Masu ƙarfi duk suna wurin aiki, sai ran Juma'a suke zuwa, in sun zo. Idan aka tashi Teta takan fito da wani ɗan burodi zagayayye mai tambari a kai, wanda ake sayarwa a bakin ƙofa, ta raba biyu ta miƙo mini rabi. Ranar farko na ƙulle nawa a bakin hijabi na kai wa Malam ya yi mini fatawa. Ya juya shi, ya shinshina, ya tambaye ni ko daga cikin ibadar aka fito da shi. Na ce a'a, a tire ake sayarwa. Ya ce to burodi ne. Kafin in juya ya cinye rabin rabina.

A hanyar dawowa takan nuna mini titinsu ta tagar mota. "Mai zinariya yana rufewa. Mai hoto yana rufewa. Makanikin can ma, Musulmi ne, amma yana rufewa, don masu sayar masa da kaya duk sun rufe. Ran Lahadi titin nan shiru yake, kina jin ƙararrawa tun daga baranda." Haka take faɗa, kamar yanzu abin yake faruwa. Ni kuwa abin da nake gani bankuna ne, da shagunan waya, da wuraren shan gahawa masu gilashi, da babura masu kai abinci suna kutsawa ta ko'ina. Ƙararrawar kuwa ban taɓa jin ta daga baranda ba, ƙarar motoci ta haɗiye ta. Amma idan tana magana ina kusan ganin wancan titin a ƙarƙashin wannan, ƙofofi a sauke jere, maza sun ci ado suna tafe a hankali, mata suna gaisawa daga baranda zuwa baranda. Cikin dukan ƙofofin da take lissafawa, guda ɗaya ce ta rage tana sauka.

Abin ya riƙa taɓa ni ta wani gefen ma. Na fara lura cewa ran Juma'a, ana tsakar huɗuba, shagunan gilashin nan ba sa ko rage haske. Ba wanda ya hana kowa ibada. Titin ne kawai ya daina tsayawa don kowa.

Shekarata ta biyu gwiwoyin Ammu suka gaza. 'Ya'yansa suka zo suka tafi da shi ƙauye. Ya tsallako ya yi mini sallama a bakin bene, bai hau ba, ya ce ba zai iya kallon idonta ba. Injiniya ya ba da hayar shagon ga wani mai kantin magani. Kafin a fara gyara, ƙofar ta yi kusan mako biyu a sauke.

Waɗannan kwanaki ban san yadda zan kwatanta su ba. Kullum Lahadi ce. Kowace safiya Teta ta leƙa ta ce, "Sa mini kayana." Ni kuma in sa mata, don cocin nasu ana ibada da safe kusan kullum. Muka yi ta zuwa, ina wanke gyalen da yamma ya bushe kafin safe. Ta yi haske, ta riƙa cin abinci, har waƙa take yi a tasi. Ni kaina na rikice, na daina sanin ranaku, ina yawo da ƙamshin lubban a hijabina har Malam ya fara yi mini kallon tambaya. Na ƙoshi da burodi mai tambari. Ban san bankwana muke yi ba.

Sai aka buɗe kantin magani. Aka sa gilashi tun daga sama har ƙasa, da farin haske, da wani koren allo mai walƙiya. An rubuta a jiki cewa ba a rufewa, dare da rana, kwana bakwai. Tsohuwar ƙofar ƙarfen aka naɗe ta sama aka ɓoye a bayan allon.

Washegari Teta ta leƙa ta ga bakin shago a buɗe, ta ce in haɗa shayi. Ta zura kwando ta zauna riƙe da igiya. Babu mai tsallakowa. Na tsaya ina kallon hannunta a kan igiyar har na kasa jurewa. Na ce zan sauka in sayo madara. Na sauka, na laɓe a ƙarƙashin baranda inda ba ta iya hango ni, na ɗauki kofin, na ja igiyar sau biyu. A tsaye na shanye shayin, da zafinsa, masu wucewa suna kallona. Daga ranar wannan ya zama aikina na kowace safiya.

Shayi ya samu mai sha, amma Lahadi ta ƙi zuwa. Lahadin farko na shirya rigar na ce, "Teta, yau Lahadi, tashi mu tafi." Ta leƙa, ta juyo ta harare ni. "Ke ba ki da ido? Ga shi can a buɗe. Kina nufin mijina yana buɗe shago ran Lahadi?" Na nuna mata kalanda, ta ce ta bara ce. Na nuna mata waya, ta ture hannuna. Na ce to mu je ko da ba Lahadi ba ce, ta ce ita ba ta fita ta bar mutum yana aiki babu mai zura masa abincin rana. Na yi lallashi, na yi dabara, ranar nan har na ɗaga murya, Allah Ya yafe mini. Ta kafe.

Mako ya bi mako. Rigar mai ruwan bula tana rataye a ƙofar kabad, ina kakkaɓe mata ƙura. Limamin cocinsu ya zo har gida da abin ibadarsa, ta karɓe shi da murna, ta sumbaci hannunsa, sannan da zai tafi ta ce, "Sai mun zo ran Lahadi, Abuna," don haka suke kiran limamansu. Ta fara ramewa. Ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce zuciyarta ta gaji, nan gaba kaɗan saukar bene zai gagare ta. Ni na san abin da wannan yake nufi. In ba ta je yanzu ba, ba za ta sake zuwa da ƙafarta ba.

Wata safiya tana zaune a baranda, rana tana dukan gefen fuskarta, ta ce a hankali, "Ya binti, makon nan ya yi tsawo. Ba ya ƙarewa ne? Na gaji, kuma shi ma ya gaji. Ko yini ɗaya bai huta ba."

Na shige kicin na yi kukana na wanke fuska. Da injiniya ya zo ran Juma'a na tare shi a bakin ƙofa, kuma ban tauna maganata ba. Na ce uwarsa tana bushewa a kujera tana jiran Lahadi, shi kuma ya sayar da Lahadin. Na san na wuce gona da iri. Ya ce, "Ki kai ta ran Juma'a mana, kowa yanzu Juma'a yake zuwa." Na ce ai ran Juma'ar ma a buɗe yake. Ya cire tabarau ya murje ido, sai na ga ashe shi ma ba ƙaramin yaro ba ne, furfura ta cika masa kai. Ya ce, "Ni kaina rabona da coci tun bikin bara. Me kike so in yi? In rufe birnin?" Nan take haushinsa ya fita daga raina.

Na yanke shawarar zuwa wurin mai kantin da kaina. Na ɗauka Musulmi ne, don haka na sa Malam ya tara mini duk abin da aka faɗa kan haƙƙin maƙwabci, na haddace a mikrobas. Na shiga da shirina tsaf, na ce, "Ya doktor," don haka ake kiran masu kantin magani a can. Mutum ne mai matsakaicin shekaru, mai sanƙo, da alamar rashin barci a idonsa. Ya miƙo hannu zai karɓi takardar magani da yake zaton na kawo, hannun rigarsa ya ja baya, sai ga ɗan shuɗin gicciye a wuyan hannunsa. Duk wa'azin da na haddace ya bi iska.

Na ba shi labari yadda yake, da shayin, da igiyar, da rigar. Ya saurara har ƙarshe, ya leƙa ta gilashi ya kalli baranda. Ya ce, "Ubana ma yana rufewa. Amma ya madam, wannan magani ne. In mai ciwon suga ya zo ya tarar da ƙofa a sauke fa? Kuma ga wani kantin can a kwana, shi ba ya rufewa." Na ce ba yini nake roƙo ba. Minti goma sha biyar kawai, da safe, ta leƙa ta gani, in sa mata kaya mu wuce. Ya daɗe yana juya biro a hannu. Ya ce, "Ban ma san ko ƙofar tana sauka ba. Khalas, shi ke nan, ki sa maigadin benenku ya zo da man shafa wa ƙarfe ran Asabar."

Na fito ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Ni da wayona, minti goma sha biyar na roƙa, kuma har na yaba wa kaina da ban yi zari ba.

Ran Lahadi na iso tun rana ba ta gama fitowa ba. Na zaunar da ita a baranda, na tsaya a bayanta na ɗaga wa doktor hannu. Shi da maigadi suka kama ƙofar da ƙugiya. Ta ƙi, ta yi ƙara, sannan ta sauko gaba ɗaya da wata irin kururuwa, tsatsa tana zuba. Tattabaru suka tashi daga saman bene. Ƙarfe mai ruwan toka ya rufe gilashin da haskensa.

Teta ta miƙa wuya. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sauke numfashi, irin na wanda aka sauke wa kaya daga ka, ta ce, "Sa mini kayana. Ya riga mu tafiya."

Na sa mata rigar, wadda ta yi mata yawa yanzu. Muka sauko bene a hankali, mataki ɗaya, hutu ɗaya. A bakin titi na tarar mutane sun fara taruwa gaban kantin. Mai gahawa ya fito, mai shagon waya ya fito, wata mata da jakar cefane ta tsaya tana tafa hannu. Ina jin su suna tambayar maigadi, "Lafiya? Wa ya rasu? Doktor ne?" Duk cikinsu babu wanda ya kawo Lahadi a ransa. Na tura Teta cikin tasi kafin maganar ta kai kunnenta.

Ranar ban yi gyangyaɗi a dakali ba. Na matsa kusa da ƙofa ina leƙe. Na hango ta a gefen mata, 'yar ƙarama cikin farin gyale, hayaƙin lubban yana ratsa hasken taga yana sauka a kanta. Ba ta iya tsayuwa, a zaune take, amma bakinta yana bin waƙar ba ya kuskure ko ɗaya. Kanta yana juye wajen maza masu fararen riguna, tana murmushi. Na ji daɗi har cikin ƙashina, na ce ko yau na bar aikin nan na yi abin kirki guda.

Ta fito da burodinta, ta raba, ta ba ni rabi. Muka shiga tasi tana 'yar waƙa. Sai da motar ta karyo kwanar titinmu na ga koren allo yana walƙiya, gilashi a buɗe, mutane suna shiga suna fita. Na yi shirin tafiya, ban yi shirin dawowa ba.

Da muka sauka na yi ƙoƙarin tare mata gani da jikina, na baza hijabi ina cewa ta kula da mataki. Ta sa hannu ta kawar da ni gefe, da wani ƙarfi da ban san tana da shi ba. Ta tsaya a bakin titi tana kallon shagon. Ta dubi rabin burodin da ke hannunta, ta sake duban shagon.

"Yau Lahadi ce, ya binti?"

Ƙamshin lubban yana jikinmu mu biyu. Na ce, "Lahadi ce, Teta."

"Kuma a buɗe yake."

Babura suna wuce mu ta gaba da baya.

"Ba zai buɗe ba," in ji ta. "Da yana nan, ba zai buɗe ba." Muryarta a sarari take, babu gigi a cikinta ko kaɗan. Ta juyo ta kalle ni, karo na farko da na ji kamar ni ɗin take gani. "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kafin in zo."

Ta gyaɗa kai. Ta yi alamar gicciye a goshi da ƙirji, ta kama hannuna muka hau bene. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Wannan ce saukarta ta ƙarshe da ƙafarta.

Na kwana ina roƙon Allah Ya sa ta manta, ita da take manta abincin rana. Washegari na zo da wuri, na zaunar da ita a baranda kamar kullum. Na haɗa shayi da na'ana'a, na sa kofin a kwando, na miƙa mata bakin igiyar, na ce zan sauka in sayo madara.

Ba ta karɓi igiyar ba. Ta jawo ɗaya kujerar kusa da tata, ta dafa ta.

"Zauna ki sha a nan, ya binti," in ji ta. "Ba sai kin sauka ba."